Layi Uku a Gefen Shafin Rijiya ta Tara

Daga tsakiyar teku, gabashin ƙasa
3 ga Safar, 1446

Zuwa ga Kaka Audi, ɗan baffan kakana, sarkin masu dabino na gindin Uhudu, wanda ya riga ni shaƙar iskar gishiri da shekara arba'in.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ta cancanci tsoho daga bakin babban muhandis, wato injiniya, ina fata kana lafiya, da gwiwoyinka, da kunnuwan nan naka da injinan teku suka cinye har suka wajabta mini ɗaukar alƙalami a zamanin da kowa ke magana ta waya. Ka gaishe mini da Hajiya Halimatu, ka gaya mata mijinta na gaskiya yana nan da ransa, ta ƙara haƙuri da kai. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ƙaiƙayin zufa da kewar miyar kuka.

Ina sanar da kai, cikin tawali'un da aka san ni da shi, cewa sharika, wato kamfaninmu, ta ɗora mini nauyin tayar da matacce, ni da wasu mutum talatin da ba su kai ni muhimmanci ba. Filin man da ka yi wa hidima ya tsufa, Kaka. Rijiyoyin da a zamaninku suke tunkuɗo mai da ƙarfin kansu, yanzu kashi takwas cikin goma na abin da suke amayarwa ruwa ne. Shirinmu shi ne mu koma cikin tsofaffin rijiyoyin da aka rufe, mu fasa gefensu, mu haƙa sabuwar hanya a kwance zuwa inda sauran man ya laɓe, sannan mu tura masa ruwa ta baya ya koro mana shi. Dandamalin ƙarfenku yana nan tsaye a kan ƙafafunsa huɗu, cikin ruwan da zurfinsa bai kai tsawon hasumiyar masallacin Ƙuba ba. Idan teku ya kwanta har kifi nake gani yana kewaya tsatsar da kuka bar mana gado.

Yanzu ga ƙaramar magana, wadda ba ta kai a kira ta magana ba. Kafin a taɓa kowace rijiya sai an bincika tarihinta, don haka aka fito da tsofaffin littattafan da ma'aikata ke rubuta abin da ya faru idan za su miƙa aiki ga masu karɓarsu. A littafin shekarar 1409, a shafin rijiya ta tara, ƙarƙashin Turancin shugaban aiki, akwai layi uku da ajami a gefen takarda. Hannun ba baƙo ba ne a wurina, tunda shi ya koya mini wannan rubutun da nake yi maka yanzu. Sai dai danshi ya ci tawadar. Na tsinci «ta tara», na tsinci «siminti», na tsinci «kada». Sauran ya gagare ni.

Me ka rubuta? Ba wani abin damuwa ba ne, sha'awar tarihi ce kawai irin ta manyan masana. Injin haƙa zai iso kan ta tara ranar 20 ga Rabi'us Sani, ina so in san da wa zan gaisa.

Wassalam.
Jikanka, fitilar unguwar Ƙurban, mai rayar da rijiyoyi,
Lurwanu

*

Uhudu, Madina
17 ga Safar, 1446

Zuwa ga jikana Lurwanu, muhandis ja'iri.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, sallar nafila a kan kujera nake yi. Halimatu sukarinta ya sauka, ta ce in gaya maka mijin da ba ya aiko ko kifi ɗaya daga teku ba ta san da zamansa ba. Sabon dabino ya fara zuwa daga Khaibar, masu ziyara sun yi yawa, alhamdu lillahi.

Na karanta takardarka sau uku. A na ukun sai da na rufe shago na ɗan zauna.

Ga abin da ya faru. A sanyin 1409 aka ce a rufe ta tara. Ƙa'ida ita ce a zuba siminti wuri biyu a cikin bututu, ɗaya can ƙasa, ɗaya kusa da sama, kowanne a matsa shi da famfo a ga ko ya riƙe. Na sama mun gwada, ya riƙe. Na ƙasa ba mu gwada ba. Iskar arewa ta taso a ranar, jirgin da ke ɗauke da famfon ya ce ba zai tsaya a farfasa shi a jikin ƙarfe ba, ya tafi. Da ya dawo, mai shugabantarmu ya ce an riga an zuba na sama, ba mai komawa baya. Ya rubuta da Turanci cewa duka biyun an gwada.

Bayan wata biyu ni da Bakri, abokin aikina Bahaushen Sudan, Allah ya jiƙansa, muka lura allurar ma'aunin da ke kan rijiyar tana hawa a hankali. Kowace Juma'a sai mu buɗe ƙaramin famfo mu sauke ta, mako ya zagayo ta koma. Ka ga kuwa iskar gas tana ratsowa daga ƙasa ke nan. Shi ne na rubuta wa duk Bahaushen da zai karɓe mu: «Simintin ƙasa na ta tara ba a gwada shi ba. Allura tana hawa. Kada a buɗe ta sai an ɗauka akwai iska a ƙarƙashin na sama.»

Shekara talatin da bakwai ke nan ba mai sauke allurar nan. Duk wanda ya huda simintin sama yana zaton ba komai a ƙasa, abin da ya taru zai zo masa gaba ɗaya.

Ka ce sha'awar tarihi ce. Na san halinka, ba ka son a gode maka. Na tabbata ka riga ka miƙe a gaban manyanku ka ce wannan Hausa ce, hannun kakana ne, ku dakata in tambayo shi. Ka kai musu wannan takardar ta cika maka sauran. Na gaya wa mutanen majalisarmu bayan la'asar, Maiturare maƙwabcin shagona har ya ce a kawo ka ya shafa maka turaren oud na manyan baƙi. Ban taɓa zaton abin da na rubuta zai jira har jinina ya zo ya karanta ba.

Allah ya yi maka albarka.
Kakanka, Audi

*

Uhudu, Madina
25 ga Rabi'ul Awwal, 1446

Lurwanu,

Sallama da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai ni barci ya yi mini ƙaranci.

Wata guda da mako ɗaya ba amsa. Da fari na ce ko jirgin saƙo ne. Jiya Halimatu ta haɗu da mahaifiyarka Sabuwa a Harami bayan azahar, ta ce kwananka tara a Ƙurban kana hutu, ba ka fita ko'ina sai masallaci. Daga Ƙurban zuwa Uhudu ba teku a tsakani.

Na zauna na yi tunani, ina jin na gane. Ka kai musu takardata, sun ce wannan tsoho ya san da ɓarna ya yi shiru, laifinsa ne. Wataƙila sun ce za su neme ni, kai kuma kana jin nauyin gaya mini. To kada ka ji. Idan suna so in zo in maimaita a gabansu, zan hau jirgi da gwiwar nan. Idan kuma saboda ni suke duban ka da wani ido, ka gaya musu dangantakarmu ta nesa ce, ba ƙarya ka yi ba.

Abu ɗaya nake so in sani: sun canza shirin shiga ta tara ko ba su canza ba? Saura kwana ashirin da biyar.

Audi

*

Ƙurban, Madina
27 ga Rabi'ul Awwal, 1446

Zuwa ga Kaka Audi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Hajiya. Jikina lafiya lau, abin takaici, domin da zazzaɓi ya kama ni da na sami abin fakewa.

Sau biyu na tuƙo mota har na hango dutsen Uhudu, sau biyu na juya ta wajen masu sayar da tasbaha. Na saba jera manyan kalmomi kamar mai jera kwalin dabino, manya a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Yau zan juye maka kwalin.

Ba wanda ya zarge ka. Ba wanda ya san sunanka. Ba su canza komai ba, domin ban gaya musu komai ba.

A ƙarshen Muharram, kafin in rubuta maka takardar farko, aka yi taro kan ta tara. Mu goma sha biyu ne a ɗakin, da mudir, wato shugaban sashenmu. Aka haska shafin a bango. Mudir ya nuna gefen takarda ya ce, «Wannan fa? Haruffan Larabci ne, amma ba Larabci ba ne.»

Saif, wanda muka fara aiki rana ɗaya da shi, ya yi dariya ya ce, da sunan da suke kiran Hausawan ƙasar nan, «Layun Takari ne, ya mudir. Tambayi Lurwanu, ai danginsa ne.»

Duka suka juyo. Kaka, ka san wannan juyowar. Shekara biyu na yi ina gyara harshena da tafiyata don a daina yi mini ita.

Mudir ya ce, «Kana iya karantawa?»

Sai babban muhandis, fitilar Ƙurban, ya buɗe baki da Larabcin Hijaz mai tsabta ya ce, «Ni Bamadine ne, a Ƙurban aka haife ni, ina zan san wannan? Wataƙila wani tsoho ne ya rubuta yadda ake dafa kifi don kada ya manta.»

Ɗakin ya fashe da dariya. Na ji daɗin dariyar, wannan ma sai na faɗa maka. Mudir ya ce a rubuta cewa shafin ba ya karantuwa kuma ba shi da amfani ga aikin, ya ce ni in sa hannu tunda ni ke kula da tarihin rijiyar. Na sa. Idona yana kan kalmar «kada» lokacin da nake sa hannun.

Na rubuto maka ne ina addu'a ka ce ba komai ba ne, ka ce lissafin shayi ne tsakaninka da Bakri. Da amsarka ta iso ranar 21 ga Safar, na karanta ta a tsaye, na ninke ta, na sa a ƙasan akwati. Tun ranar nake neman hanyar da zan sa a yi hattara ba tare da na ce na yi ƙarya ba. Na ba da shawara a ƙara nauyin taɓon da ake zubawa cikin rijiya don danne abin da ke ƙasa. Mudir ya ce, «Bisa wace hujja? Takarda ta ce an gwada simintin, kai ka sa hannu.»

Mutum goma sha ɗaya ne za su tsaya a bakin rijiyar ranar da za a huda ta. Ɗayansu Tahir ne, Bahaushen Chadi, dattijo mai 'ya'ya biyar. Kullum da safe sai ya zuba mini shayi ya ce, «Ina kwana, ɗan uwa?» ni kuma in amsa masa da Larabci, kamar ban ji ba.

Idan na faɗa, zan tsaya a ɗakin nan in ce na sa hannu a kan abin da na san ba gaskiya ba ne, a takardar da ta shafi rayuka. Ana korar mutum a kan abin da bai kai wannan ba. Idan ban faɗa ba, ka fi ni sanin sauran.

Ka ce in gaya musu dangantakarmu ta nesa ce. Na riga na yi abin da ya fi haka, ba tare da ka ba ni izini ba.

Na ba Umma wannan ta kawo maka, ban gaya mata abin da ke ciki ba.

Lurwanu

*

Uhudu, Madina
28 ga Rabi'ul Awwal, 1446

Lurwanu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Dafa kifi. To. Na yi fushi daga azahar zuwa la'asar, Halimatu shaida ce, ko abinci ban ci ba. Bayan la'asar na ɗauko takardar na sake dubawa, sai fushin ya rasa inda zai zauna, domin akwai tambayar da ba ka yi mini ba, ni ma shekara talatin da bakwai ban yi wa kaina ba.

Me ya sa na rubuta da ajami?

Ina jin Larabci, Turancin aiki ma ina da na cefane. Ofishin babban shugaba hawa ɗaya ne a saman ɗakin da muke kwana. Da na hau na ce masa ba a gwada simintin ƙasa ba, da an gyara a makon. Amma a shekarar takarduna na zama ɗan ƙasa ba su daɗe da fitowa ba, ga Halimatu da ciki, ga mutumin da ya rubuta ƙaryar shi ke sa hannu a ci gabana. Sai na zaɓi rubutun da na tabbata ba wani babba da zai iya karantawa. Na sauke nauyi daga wuyana na ɗora wa gefen takarda. Na gaya maka na rubuta ne don Bahaushen da zai karɓe mu. Ba wani Bahaushe da ya karɓe mu, ni da Bakri ne na ƙarshe, kuma na san haka lokacin da nake rubutawa.

Don haka kada ka zo mini da kuka, ba ni da inda zan ajiye maka shi. Ni na ɓoye, kai ka binne. Bambancinmu ɗaya ne: a zamanina ba wanda ke shirin huda ta, kai kuwa saura kwana ashirin da biyu.

Kada ka zo Uhudu. Ka katse hutun nan ka koma. Na haɗo maka da wata takarda da Larabci, na rubuta duk abin da ya faru, da cikakken sunana da lambar aikina ta da, na sa hannu. Ka miƙa musu tawa, amma bayan ka faɗi taka. Kada ka sa tawa a gaba ka ɓuya a bayanta.

Idan sun kore ka, shago yana buƙatar mai ɗaga kwali.

Audi

*

Daga gaɓar teku, gabashin ƙasa
6 ga Jimada Ula, 1446

Zuwa ga Kaka Audi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata kana lafiya, da Hajiya, da mutanen majalisa. Ni ina lafiya. Ka yafe jinkirin, na ƙi rubutowa ne sai an gama, don kada in sake aiko maka da rabin labari.

Ranar 5 ga Rabi'us Sani, a taron safe, na nemi a sake haska shafin. Na miƙe. Na shirya jawabi mai sassa uku da gabatarwa, wanda da an bar ni na yi shi da an koyar da shi a makarantu. Da na buɗe baki duk ya gudu. Sai kawai na karanta layukan nan uku da Hausa, da ƙarfi, ina cike inda danshi ya ci da abin da ka gaya mini. Sannan na fassara.

Mudir ya ce, «Tun yaushe kake iya karanta wannan?»

Na ce, «Tun ina shekara bakwai. Wanda ya rubuta shi ya koya mini. Kakana ne.»

Ya ce, «Ranar da ka sa hannu fa?»

Na ce, «Ranar ma.»

Ba wanda ya yi dariya. Saif ya tsura wa kofinsa ido. Sai a lokacin na miƙa takardarka. Mudir ya karanta ta har ƙasa, ya ce kowa ya fita sai ni. Abin da ya gaya mini ba zan sa shi a takardar da Hajiya za ta iya gani ba, kuma ban sami kalma ɗaya a ciki da zan musa ba.

An ɗage aikin kwana goma sha ɗaya. Aka sake shiri gaba ɗaya a kan cewa akwai iska a ƙasa: aka ƙara nauyin taɓo, aka gwada manyan ƙofofin da ke rufe bakin rijiya sau biyu, aka rage mutanen da za su tsaya kusa. Ranar ɗaya ga wannan wata, da hantsi, aka huda simintin sama. Ina ɗakin ma'aunai, an bar ni in kalla, ba a bar ni in taɓa komai ba. Allurar ta yi tsalle kamar an mare ta. Aka rufe ƙofofi cikin daƙiƙu. Awa shida ana fitar da iskar a hankali ana ƙona ta a bakin dogon bututu, wutar ta fi tsawon dandamalin. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Ba a kore ni ba. An sa mini takardar gargaɗi a fayil, an cire sunana daga masu tsara aikin, an dawo da ni tudu. Yanzu ina wani ɗaki marar taga da kwali goma sha huɗu na tsofaffin littattafai, aikina in karanta gefen kowane shafi. Kai kuma mudir ya ce a gaya maka ba mai neman ka da laifi.

Tahir ya tare ni a matakala kafin in hau jirgi. Ya kama hannuna da nasa biyu, ya ce, «Ashe kana ji, ɗan uwa. An ce kai ka cece mu. Allah ya saka.»

Na ce masa da Hausa, «Baba Tahir, ba haka aka yi ba.» Na gaya masa ranar da takardarka ta iso hannuna, da ranar da na miƙe na yi magana. Kwana arba'in da uku ne tsakaninsu. Ya shiga lissafi, ina jin yana ƙirga safiyoyin da ya zuba mini shayi a cikinsu.

Ya ce, «To. Ka dai faɗa.»

Ya saki hannuna ya koma bakin aikinsa. Bai ce ɗan uwa ba a wannan karon, ni ma ban ga dalilin da zai ce ba.

Wassalam.
Jikanka,
Lurwanu